Tarihin Injinan Iska da Aka Koyo Daga Iyon Kifi

Wannan fanni ne da ya haɗa masana halittun ruwa da injiniyoyin lantarki, kuma asalinsa tambaya ce tsohuwa: wane amfani kifaye ke samu da tafiya ayari guda? A shekarar 1973 Daniel Weihs, masani ɗan Isra'ila, ya bayyana cewa duk kifin da ya kaɗa wutsiya yana barin ruwa na juyawa a bayansa, kuma na baya, in ya tsaya a gurbin da ya dace, sai ya samu sauƙin iyo. A 2003 James Liao da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa kifi na rage aikin tsokarsa idan ya bi ta tsakanin irin wannan juyin ruwa.

Wanda ya kai maganar fagen makamashi shi ne John Dabiri na jami'ar Caltech, haifaffen Amurka da iyayensa 'yan Nijeriya ne. Matsalar da ya tarar sananniya ce. Manyan injinan iska masu fukafukai uku suna dagula iskar da ta wuce su, don haka dole a nisanta su da juna, fili mai yawa ya tafi a banza. Dabiri ya ɗauki gajerun injina masu juyawa a tsaye kamar mazari, ya jera su kusa-kusa yadda kifaye ke jeruwa, kowanne yana juyawa saɓanin maƙwabcinsa. A nan hikimar take: dagulalliyar iskar da ake gudu, ita ce ta zama abin amfanin injin da ke gefe.

An yi gwajin wannan tsari a wani fili a arewacin gundumar Los Angeles a 2010, da injina masu tsayin mita 10. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna wat 21 zuwa 47 a kowane murabba'in mita na fili, alhali filayen manyan injina kan ba da wat 2 zuwa 3.

Sai dai gwajin ƙarami ne, kuma injin tsaye shi kaɗai bai kai mai fukafukai uku ƙarfin tatsar iska ba. Har yanzu masu fukafukai ukun ne ke samar da kusan dukkan lantarkin iska a duniya.