Kanibal ɗin Kalaba da Unguwar Bogobiri

'Yan uwa, Disamba ta ƙarato, an fara maganar kanibal. Yaran da aka haifa bayan 2004 gani suke kamar da shi aka kafa garin, shi ya sa na ga ya dace mu tuna yadda abin ya faro.

Tun da Turawa suka ɗauke hedikwatar Kudancin Nijeriya daga Kalaba zuwa Legas a 1906, garin ya koma na ma'aikatan gwamnati, ba hayaniya, ba wani babban ciniki. Da Donald Duke ya hau mulkin Kuros Riba a 1999, sai ya kama harkar yawon buɗe ido gadan-gadan. Aka gyara tituna, aka shuka itatuwa, aka ɗauki masu shara, har ana cewa babu gari mai tsafta kamarsa a ƙasar nan. A 2004 aka fara kanibal, a 2007 kuma Obasanjo ya buɗe Tinapa.

Gaskiya mutanen gari sun ji daɗi. Wanda a da ba ya damuwa da faɗin garinsu, sai ga shi yana tinƙaho da Kalaba a Legas. Mu ma a Bogobiri mun shaida, domin masu tsire, masu shayi da 'yan canji ba su da watan da ya kai Disamba.

Sai dai yawancin gyaran don baƙo aka yi shi, baƙo kuwa kwana nawa yake yi? Tinapa can bayan gari aka gina ta, shagunanta suka zauna babu kowa, bashi ya yi mata katutu. A 2009 gwamnatin Liyel Imoke ta hana acaba a cikin gari. Tituna sun ƙara kyau, amma samari da yawa, har da namu, sun rasa abin yi, wasu suka tattara suka bar garin.

Bayan hutun shekara biyu na korona, kanibal ya dawo a 2022. Ranar 27 ga Disamba, lokacin faretin masu babura, mota ta kutsa cikin 'yan kallo a nan Bogobiri, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

A ganina, tunda biki yana bi ta ƙofar gidajenmu, ya kamata a ji ta bakinmu kan rufe hanya da sa shinge tun kafin ranar. Wannan batu zan gabatar a zaman ƙungiya mai zuwa, don haka kowa ya zo da shawararsa.