Yadda agogon wani yake adana ƙarfi ba tare da batir ba

Agogon wani shi ne wanda ake murɗa masa kai da yatsu kafin ya yi aiki. Ba shi da batir, ba ya kuma buƙatar lantarki. Ƙarfin hannun mai shi ne yake ajiyewa, sannan ya riƙa kashe shi kaɗan-kaɗan.

Ma'ajiyar wannan ƙarfi wani siririn ƙarfe ne mai kama da zirin kaset, wanda ake kira babban sifirin. A agogon hannu tsawonsa kan kai santimita 20 zuwa 30, a nannaɗe cikin wata 'yar ganga mai haƙora a gefenta. Idan aka yi wani, ƙarfen yana ƙara matsewa a jikin sandar da ke tsakiya. Kamar baka da aka ja, shi ma yana neman komawa yadda yake, kuma wannan yunƙurin ne ke juya gangar. Masanin Ingila Robert Hooke ya wallafa ƙa'idar a 1678: gwargwadon yadda aka lanƙwasa sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai mayar.

Adana ƙarfin ba shi ne mai wuya ba, sakinsa bisa awo shi ne aikin. Da za a bar sifirin ya warware yadda ya so, cikin 'yan daƙiƙoƙi zai ƙare. Saboda haka gangar tana miƙa juyinta ga jerin faifai masu haƙora, na ƙarshensu kuma yana da wani ɗan maƙata da ke tare shi, ya sake shi, ya kuma tare shi. Abin da ke ba maƙatan lokaci shi ne faifan lilo, mai kai da komo a kan sifirin siriri kamar gashi, dabarar da Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya fito da ita a 1675. A yawancin agogunan yau yana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 a daƙiƙa. Ƙarar kyas-kyas da ake ji daga nan take fitowa. Wani guda kan riƙe agogo kimanin awa 40.

Agogunan sifirin sun bayyana a Turai a ƙarni na 15. Kafin nan nauyi ake ratayawa ya riƙa jan agogo, shi ya sa ba a iya yawo da shi. Matsalar sifirin ita ce ƙarfinsa yana raguwa yayin da yake warwarewa, sai lokaci ya karkace. Maƙeran farko sun magance haka da wani dunƙule mai siffar mazurari da ke daidaita jan.

A Disambar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir, kuma irinsa suka mamaye kasuwa. Amma dabarar ba ta mutu ba. A shekarun 1990 Trevor Baylis ɗan Birtaniya ya ƙirƙiro rediyo mai wani, inda sifirin ke juya ƙaramin janareto, domin saƙonnin yaƙi da cutar ƙanjamau su isa ƙauyukan Afirka da batir ke tsada. A Afirka ta Kudu aka fara ƙera shi.