Kasuwar Madina da masu tare hanya

Bayan hijira a shekarar 622, Manzon Allah (SAW) ya keɓe wa Musulmi filin kasuwa a Madina. Malaman tarihi sun ce buɗaɗɗen fili ne, ba a karɓar haraji a cikinsa.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hana tare hanya. Baƙauye ya ɗoro hatsi ko dabino bisa raƙumi, bai san farashin gari ba. Sai ɗan birni ya tarbe shi a bayan gari, ya ce ai kasuwa ta faɗi, ya saye kayan a wulaƙance. Bukhari da Muslim duka sun ruwaito hani a kan haka. A ruwayar Muslim, idan mai kayan ya iso kasuwa, yana da zaɓin warware cinikin.

Kuma ba a tsaya ga wa'azi ba. Abdullahi ɗan Umar ya ce akan turo mutum ya hana su sayar da abincin nan inda suka saye shi, sai sun kai shi kasuwa.

Mu kuwa, kowace kaka muna ganin masu tiya da buhuna zaune bakin hanyar ƙauye tun asuba, suna jiran amalanken gero.