Bayani: Yadda ake gano matsalar wuta a amfilifaya mai bawul a yanayin lantarkin Sakkwato

Amfilifaya mai bawul na'urar ƙara sauti ce da ke aiki da waɗansu kwalaben gilashi da aka zuƙe wa iska, irin waɗanda ke haskawa ja-ja a cikin tsofaffin akwatunan rediyo. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙirƙiro bawul na farko a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya inganta shi a 1906 ta yadda daga baya aka iya ƙara ƙarfin sauti da shi. Taransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, shi ne ya ture shi gefe. A yau na'urorin da ke kai murya ga lasifikokin masallatai da motocin yaƙin neman zaɓe a Sakkwato na taransisto ne. Sai dai bawul bai mutu ba: makaɗa da masu son taushin sautinsa da ɗaliban fannin lantarki har yanzu suna haɗa nasu a gida, kuma sashen da ya fi ba su wahala shi ne na wuta.

Yadda sashen wutar yake

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce bisa ƙa'ida, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Taransifomar da ke cikin na'urar tana raba ta biyu. Kashi ɗaya ta sauke shi zuwa bolt 6.3 domin ɗumama bawuloli, ɗayan kuma ta ɗaga shi zuwa ɗaruruwan bolt. Wannan babbar wutar tana bi ta madaidaici, wanda ke mayar da ita mai tafiya ta fuska ɗaya. Yana iya zama bawul kamar GZ34 ko 5U4, ko kuma dayod kamar 1N4007. Daga nan manyan kondensa su tace ta kafin ta isa ga bawulolin fitar da sauti irin su EL34 ko 6L6 ko EL84. Taransifomar da ke ba da bolt 300 a kowane ɓangare tana iya cika kondensa har kusan bolt 424 idan babu abin da ke jan wutar.

Kafin a taɓa komai

Wannan adadi yana kisa, kuma cire fulogi daga bango ba ya kawar da shi. Kondensa na riƙe wuta bayan an kashe na'ura, wani lokaci na tsawon sa'o'i. Ƙa'idar masu aikin ita ce a sauke wutar ta cikin rezista mai ƙarfin wat 5 da aka ɗaura wa wayoyi masu rufi, sannan a auna da mita a tabbatar ta sauka ƙasa da bolt 10. Haɗa ƙafafun kondensa da sukudireba, kamar yadda waɗansu ke yi don sauri, yana fitar da tartsatsi mai lalata kondensar, yana kuma iya raunata ido. Mai haɗa tasa na'urar ya kamata ya liƙa rezista mai kilo'om 220 da wat 2 a kan kondensa ta farko, domin ta riƙa tsotse wutar da kanta.

Idan dole sai an auna na'urar tana kunne, a yi da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu, ƙafa cikin takalmin roba, kuma da wani a kusa. Jiki mai gumi a kan daɓen siminti hanya ce buɗaɗɗiya ga wuta, gumi kuwa ba baƙo ba ne a Sakkwato. Haka nan ba a kunna amfilifaya mai bawul babu lasifika a jone, domin hakan na iya ƙona taransifomar fitar da sauti, wadda tana cikin mafi tsadar kayan da ke ciki.

A fara da soket

Littattafan koyarwa da aka rubuta a Turai suna ɗauka cewa wutar bango daidai take. A Sakkwato wannan zato ne da sai an gwada. Wutar birnin tana zuwa ne ta layin kilobolt 132 daga tashar Birnin Kebbi, wadda ita kuma ke karɓa daga Kainji ta layin kilobolt 330. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara tun bayan da aka miƙa shi ga masu zuba jari a Disamban 2014. Gobarar da ta tashi a tashar Birnin Kebbi a Satumban 2023, wadda ta jefa yankin cikin duhu, ta nuna illar dogaro da hanya guda. Tashar jihar mai megawat 38, da aka soma aikinta a 2008, ta daɗe tana cikin alkawuran gwamnatoci.

Abin da wannan ke nufi a kan teburin gyara lissafi ne mai sauƙi, domin taransifoma ba ta gyara wuta, ninka abin da aka ba ta kawai take yi. Idan wutar unguwa ta faɗo zuwa bolt 180, ɗumin bawul zai sauka daga 6.3 zuwa kimanin 4.9, sauti ya yi rauni ya dusashe, alhali babu abin da ya lalace. Idan ta hau da kashi 10 cikin 100, bolt 424 ɗin nan zai kai kusan 466, ya zarce ƙarfin kondensa mai bolt 450. Saboda haka aunawar farko a soket ake yin ta, kuma fiye da sau ɗaya a yini.

Janareta da inbata suna da nasu halin. Ƙaramin janareta yana sauya gudu idan aka ɗora masa kaya, ƙarfin wuta da saurin kai-komonta su sauya tare. Inbata mai arha, wadda wutarta ke fita a gutsuttsure, tana sa taransifoma ruri da zafi. Taransifomar da aka cire daga kayan Amurka kuwa an yi ta ne domin bolt 120 da kai-komo 60, ba a jona ta kai tsaye. Akwai kuma ɗaukewar wuta da dawowarta nan take, wadda ke dukan bawul yana da zafi har ta haddasa tartsatsi a madaidaici. Maganinta shi ne a kashe na'urar da zarar an ɗauke wuta, ko a sa sitabilaiza mai jinkirin kunnawa.

Fis da ke yawan ƙonewa

Fis ba ya ƙonewa banza. Naɗa masa wayar tagulla ko takardar azurfar kwalin sigari ba gyara ba ne, miƙa taransifoma ne ga wuta. A fara duba ko irin mai jinkirin ƙonewa aka sa, domin na'urar tana zuƙar wuta da yawa a daƙiƙar farko. Idan shi ne kuma yana ƙonewa, sai a jona ƙwan fitila mai zare, na wat 60 zuwa 100, a jere da na'urar a kan wayar wuta. Ƙwan LED ba ya wannan aiki. Idan ƙwan ya haska sannan ya dushe, lafiya. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke haɗewa. Daga nan sai a bi mataki-mataki: a cire bawuloli, a raba taransifoma da sauran sassa, a gwada ta ita kaɗai, sannan a mayar da madaidaici, sai kondensa, sai bawulolin fitar da sauti. Matakin da ƙwan ya sake haskawa, nan ɓarnar take. Kuskuren da sababbin masu haɗawa suka fi yi shi ne juya ƙafafun kondensa, ko sa wadda ta fi ƙarfin madaidaici: GZ34 bai kamata a ɗora masa fiye da maikurofarad 60 a kondensa ta farko ba.

Gurnani a lasifika

Gurnani iri biyu ne, kuma manhajar auna sauti a wayar hannu tana iya bambance su. Mai kai-komo 100 daga tacewa yake, wato kondensa ta bushe ko ta yi ƙanƙanta. Mai kai-komo 50 yawanci daga wayoyin ɗumama bawul ne da ba a murɗa su tare ba, ko daga yadda aka jona wayoyin ƙasa a wurare barkatai a jikin akwatin, ko taransifomomi biyu da suka matsu da juna. Amma idan ɗayan dayod biyu ya mutu, gurnanin tacewar ma yakan koma 50, tare da faɗuwar babbar wuta. Idan rage murya ya kawar da gurnanin, to ta gaban na'urar yake shigowa, ba laifin sashen wuta ba ne.

Alamar da ba ta jira ita ce farantin cikin bawul ya yi ja kamar garwashi. Hasken zaren ɗumama daidai ne, jan faranti kuwa yana nufin wutar da ke taka wa bawul birki ta ɓace, ko wata kondensa tana yoyo zuwa gare shi. A kashe nan take.

Zafi da ƙura

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, bawul kuma murhu ne a kan kansa. Injiniyoyi suna lissafin cewa ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar kondensa da rabi, don haka a zaɓi mai lambar digiri 105 maimakon 85, a nesanta ta da bawulolin fitar da sauti, a huda wa akwatin kafofin iska. Ƙurar hunturu tana taruwa a mazaunin bawul, idan damina ta kawo laima sai ta zama hanyar tartsatsi tsakanin ƙafafu. Mazaunin da ya yi baƙin layin gawayi ba a goge shi a mayar, canza shi ake yi.

Idan kuwa mita ta nuna cewa wutar unguwa ce ke hawa da sauka fiye da kima, mai na'ura yana da haƙƙin kai ƙorafi a rubuce ga sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfanin rarraba wuta, idan bai gamsu ba ya wuce zuwa zauren sauraren ƙorafi na hukumar NERC. Takardar da aka rubuta ranaku da lokuta da adadin bolt ɗin da aka auna ta fi kokawa da baki nauyi a gaban su.