Daga Layin Magini a Ƙasa zuwa Layin Kwamfuta: Tarihin Zanen Fuskoki Uku a Ƙasar Hausa

Abu ɗaya yana da tsawo da faɗi da kauri, amma takarda tsawo da faɗi kaɗai gare ta. Wannan ce matsalar da ta daɗe tana damun duk wanda yake son ya bayyana wa wani siffar abin da ba a riga an ƙera ba. Mai zanen hoto yana warware ta da yaudarar ido: abin da ke nesa ya ƙanƙance, na kusa ya girma. Maƙeri da magini ba su da amfani da irin wannan hoto, domin ba a ɗora ma'auni a kansa a samu gaskiya. Abin da suke bukata shi ne zanen fuskoki, wato a dubi abu daga gaba kai tsaye a zana, a dube shi daga sama a zana, a dube shi daga gefe a zana, kowace fuska da awonta na haƙiƙa, kuma a jera su yadda kowane layi a fuska ɗaya zai dace da ɗan'uwansa a sauran.

Magina a ƙasar Hausa sun yi ƙarnuka suna gini ba tare da wannan takarda ba, kuma babu mai cewa sun gaza. Maigida da magini sukan tsaya a fili, magini ya ja layi a ƙasa da ƙafa ko da sanda, ya auna da taki da kamu da gaba. Wannan layin shi ne fuskar sama, sai dai an zana shi da girman ginin kansa, kuma harsashi yana cinye shi a ranar farko. Sauran fuskokin suna cikin kansa: tsayin bango, yadda zai riƙa sirancewa yayin da yake hawa, inda bakan gizo zai fara lanƙwasa, da yawan azarar da za a ɗaura. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da irin wannan ilimi. Wanda ya dubi yadda bakunan masallacin suka sarƙe da juna ya san cewa mai ginin yana ganin dukkan fuskoki a lokaci guda. Raunin tsarin ɗaya ne: ilimin yana tafiya ne daga uba zuwa ɗa, daga ubangida zuwa yaro, kuma duk abin da ba a kai ga miƙawa ba, ƙasa ta rufe shi tare da mai shi.

A Turai ma an daɗe ana zana fuskar gini ta sama da ta gaba, amma wanda ya mayar da abin ƙa'idar lissafi shi ne Bafaranshe Gaspard Monge, wanda aka haifa a 1746. Yana matashi a makarantar injiniyoyin soja ta Mézières ya gano yadda za a warware lissafin ganuwa da zane, maimakon dogon ƙidaya. Sojoji suka ga amfanin abin, suka mayar da shi sirri na shekaru masu yawa. Sai bayan juyin juya halin Faransa ya koyar da shi a fili a 1795, aka kuma buga darussan a littafi a 1799. Tunaninsa mai sauƙi ne idan an riga an ji shi. A ɗauka an sa abu cikin akwatin gilashi, a miƙa layuka daga kowace kusurwarsa zuwa bangayen akwatin a tsaye cak, sannan a warware akwatin ya kwanta. Abin da ya fito a kan bangayen shi ne zanen.

Daga nan aka samu saɓanin da har yau yake kayar da ɗalibai a jarrabawa. Turai ta riƙe tsarin kusurwa ta farko, inda abu yake tsakanin mai kallo da takarda, don haka fuskar sama takan sauka ƙarƙashin fuskar gaba, abin da aka gani daga hagu kuma a zana shi a dama. Amurka ta ɗauki kusurwa ta uku, inda takarda take tsakanin mai kallo da abu, fuskar sama ta hau sama, ta dama ta zauna a dama. Dukkansu daidai ne, amma maƙerin da ya karanta ɗaya da idon ɗaya zai huda rami a ɓangaren da bai kamata ba. Shi ya sa ake sa 'yar alamar mazugi mai yankakken kai a gindin takarda. Nijeriya ta gaji kusurwa ta farko daga Ingila, ko da yake manhajar makarantu tana koyar da duka biyun.

Wannan ilimi ya shigo Arewa ne ta hannun ma'aikatar ayyuka ta Turawan mulki da 'yan safiyo da ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Da farko mutanenmu masu riƙe awo ne da masu kwafe zanen da wani ya yi. Canji na gaske ya zo da Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya reshen Zariya a shekarun 1950, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da kuma makarantar fasaha ta Kaduna wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968. A nan ne 'ya'yan Arewa suka zauna gaban allon zane da ruler mai siffar T da kamfas, suka koyi cewa layi mai kauri gefen da ido yake gani ne, layi mai tsinke-tsinke kuwa gefen da ya ɓoye a baya.

Akwai wani haɗuwa tsakanin ilimin biyu da ya cancanci a tsaya a kansa. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru daga ƙarshen shekarun 1950 yana yawo da mataimakansa 'yan Nijeriya suna auna gine-ginen gargajiya. Sun auna masallacin Babban Gwani, suka fitar da fuskarsa ta sama da yanke-yankensa na ciki. A shekarun 1970 aka yi wa masallacin gyaran da ya lulluɓe tsohon ginin da sabo, wasu sassan suka salwanta. Da waɗancan zane-zane ne aka iya sake gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, kuma su ne suka fito a littafinsa mai juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa. Abin da Babban Gwani ya riƙe a ka, ƙa'idar Monge ce ta adana shi. A ganina wannan ya fi kowace hujja nuna cewa zanen fuskoki bai zo don ya kori magini ba.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin kai wannan ilimi ga kowane yaro. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, tsarin 6-3-3-4 kuma da aka fara aiki da shi a 1982 ya sa darasin gabatarwar fasaha a ƙaramar sakandare, da zanen fuskoki a cikinsa. Sai dai kayan aikin da aka shigo da su daga Gabashin Turai sun daɗe cikin akwatuna a makarantu da yawa, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da zai kunna su.

A shekarar 1982 ɗin nan dai kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a Amurka, shekara 19 bayan Ivan Sutherland ya nuna Sketchpad a 1963, manhajar farko da mutum ya yi zane da ita kai tsaye a fuskar kwamfuta. Mai zane da AutoCAD yana bin hanyar allo ce sau da ƙafa. Yakan kulle layukansa su tafi a kwance ko a tsaye kawai, ya zana fuskar gaba, ya miƙa layukan taimako daga kowace kusurwa zuwa inda fuskar sama za ta zauna, ya ja layi mai karkata digiri 45 don ɗauko kauri daga sama zuwa gefe, sannan ya datse abin da ya wuce. Layukan ɓoye da na tsakiya da na awo kowanne yana da nasa shimfiɗi, ana kunna shi ana kashewa. Abin da ya sauya shi ne gyara ba ya bukatar abin gogewa, kuma awo ba ya dogara da kaifin fensir. Manhajojin baya, irin su SolidWorks da ta fito a 1995, sun juya aikin gaba ɗaya: a gina abin da kaurinsa tukuna, kwamfuta ta fitar da fuskokin da kanta. Wasu suna ganin wannan ya sa koyon ƙa'idar ya zama ɓata lokaci. Ba haka ba ne, domin kwamfuta ba ta san fuskar da ta fi bayyana abu ba, ba ta kuma san ko maƙerin da zai karɓi takardar ya saba da kusurwa ta farko ko ta uku ba.

Idan aka dawo yammacin Kano, bambancin yana bayyane a ƙasa. Madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, ba ta tashi ba sai da ɗaruruwan takardun fuskoki da yanke-yanke. Amma a Beli da sauran garuruwan Rogo, ƙasar noman rake, idan haƙorin injin matsa ko sandar injin ban ruwa ta karye, hanyar da aka sani ita ce a kwance ƙarfen a kai shi Kano ko Zariya a ce a yi irinsa. Samfur ke nan, kuma samfur ƙarfe ne da ya riga ya cinye, don haka mai juya ƙarfe yakan kwafe cinyewar tare da siffar. Injin kuma yana tsaye har sai an je an dawo, rake yana bushewa a gona. Takarda ɗaya mai fuskoki uku da awo a milimita, wadda ɗalibin kwalejin fasaha zai zana a FreeCAD ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, tana iya isa wayar maƙeri a Ƙofar Ruwa kafin mai injin ya samu motar Kano. Abin da ya rage shi ne maƙerin ya iya karanta ta, kuma yawancin masu walda da juya ƙarfe a wajen ubangida suka koyi sana'a, kamar yadda yaran Babban Gwani suka koya, ba su taɓa zama ajin da ake koyar da ma'anar layi mai tsinke-tsinke ba.