Daga Gidan Makama zuwa kufan Zungeru

Duk ɗan Kontagora da ya je Kano, ya daure ya leƙa Gidan Makama, daura da fadar Sarki. A nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta a 1463, kuma Turawa sun mayar da shi ofis bayan sun ci Kano a 1903. Yau gidan tarihi ne. Da ka shiga zaure za ka ji sanyin katangar ƙasa ko da ana tsakiyar bazara, ka ɗaga kai ka ga azara a jere. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, ga sulke, ga kayan yaƙin kakanni. A Nassarawa kuma akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Gidajen nan biyu na ƙasa ne, kuma suna tsaye saboda ba a fasa yi musu yaɓe ba.

Mu dawo jihar Neja. Zungeru ce hedikwatar Gwamna Lugard daga 1902, kafin a koma Kaduna. A garin aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Gidan gwamna ya zama kufai, ita ma gadar Lugard an kwashe ta zuwa Kaduna a 1954. Abin na ci mini rai.

A Amurka, wata ƙungiyar mata ce ta tara kuɗi ta sayi Mount Vernon, gidan shugabansu na farko George Washington, a 1858, lokacin yana neman lalacewa. Har yau ita ke riƙe da shi, kuma ana nuna wa baƙi har da mazaunin bayin da suka yi masa bauta. Ba su ɓoye ɗacin ba. Bayan shekara 6 da wannan ciniki Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora a 1864. Ashe garinmu ba tsufa ya yi da yawa ba har a ce komai ya riga ya shuɗe. Labarin Sarki Ibrahim Nagwamatse, yadda Turawa suka ci garin a 1901 da yadda aka mayar da shi sarauta a 1903, yana bakin dattawa, mai daɗinsa da marar daɗinsa. To ina soron da za a kai ɗan makaranta ya taɓa da hannunsa?

Kowace damina tana cin nata rabo daga tsofaffin gidajenmu, mai kuɗi kuma ya rushe saura ya ɗora bulo. Muna roƙon Masarautar Kontagora da gwamnatin jiha su zagaya unguwanni, su rubuta tsofaffin gidajen da suka rage, su taimaki magada da kuɗin yaɓe, tun magina masu sanin aikin suna raye.