Hukuncin Mai Ɗauke-Ɗauke a Kasuwar Kano: Jiya da Yau

Tun da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa Kasuwar Kurmi ake fama da masu halin ɓera, kuma magabata ba su bar hukuncinsu a hannun mai kaya ba. Ƙaramar magana Sarkin Kasuwa ke kashe ta: a mayar da kaya, a kira iyaye ko maigida, a ja kunne. Wadda ta fi ƙarfinsa sai a kai ta gaban Alƙalin Kasuwa.

Shi kuwa alƙali da fiƙihun Malikiyya yake aiki. Ba a yanke hannu sai abin da aka sata ya kai nisabi, wato rubu'in dinari ko dirhami uku, an fitar da shi daga ma'ajiyarsa, kuma babu shubuha. Abin da ya gaza haka ta'aziri ne, gwargwadon ganin alƙali. Malamai kan tuna cewa Sayyidina Umar bai zartar da haddi ba a shekarar yunwa.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun hana yanke hannu. A 1960 Dokar Final Kod ta fara aiki, daga baya aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e. A shekarar 2000 Kano ta dawo da shari'ar Musulunci kan laifuffuka.

Ina aikin gwamnati na taɓa ganin an yi wa wani yaro jina-jina a ƙofar kanti saboda gwangwanin madara ɗaya. Mai kantin ya ce mini in ya kai ƙara zai rufe shago yana zaryar kotu, asarar ta ninka kuɗin madarar. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin ribar ɗan tireda ba ta da yawa, kuma wanda aka ƙyale yau gobe zai dawo. To amma duka ba hukunci ba ne, kuma ba ya kaiwa ga ɓarawon zaune mai sayen kayan.

A ganina abin da muka rasa shi ne hukunci na kusa, mai sauri, wanda ke bambanta mayunwaci da wanda ya mayar da sata sana'a. Shugabannin kasuwa su sasanta na farko, kotu ta ɗauki na biyu ba tare da jan lokaci ba. Malaman makaranta kuwa su koya wa yara cewa kama ɓarawo daban, yanke masa hukunci daban. Allah Ya sa mu dace.